Babi na Shida: Wa Ke Biyan Kuɗin Makwanci?

A babin da ya gabata mun ga yadda birni ke samun kuɗin ruwan famfo da na kwashe shara. Waɗannan ayyuka suna da sauƙi ta fuska guda: duk wanda aka yi wa aiki ana iya miƙa masa takardar biya a ƙarshen wata. Mafaka ba haka take ba. Wanda dare ya riska a titi, ko matar da ta gudo daga duka da goyo a bayanta, ko iyalin da ruwa ya ci gidansu, ba wanda za a ce ya kawo kuɗi kafin a buɗe masa ƙofa. Da yana da su, da bai zo ba. Ke nan dole wani ya biya. Wannan babi zai bi sawun kuɗin ne, daga aljihun da suka fito har zuwa inda suka zama katifa da bargo, domin hanyar da kuɗin suka bi ita ke yanke irin mafakar da za a samu, da tsawon zaman da mutum zai yi a cikinta.

Birnin New York na Amurka shi ne ya fi dacewa a ɗauka misali. Babu wani babban birni a ƙasar da doka ta ɗora wa nauyin bai wa duk mai nema wurin kwana kamar yadda ta ɗora masa, kuma babu wanda ke kashe kuɗi a kan haka kamarsa.

Ƙarar da ta mai da sadaka haƙƙi

A shekarun 1970 unguwar Bowery da ke Manhattan ita ce matattarar mazan da ba su da muhalli. Birni yana da gidan karɓarsu, amma in gadaje suka cika sai a sallami sauran, kowa ya san inda dare ya yi masa. Lokacin hunturu, a garin da ƙanƙara ke zuba, wannan sallama kan zama ajalin wasu.

A watan Oktoba na 1979 wani matashin lauya mai suna Robert Hayes, ɗan shekara 26, ya maka gwamnatin jiha da ta birni a kotu a madadin waɗannan mutane. Sunan da ke kan gaba a takardar ƙarar shi ne na Robert Callahan, ɗaya daga cikin masu kwana a titin Bowery, waɗanda ake ƙara kuwa gwamna Hugh Carey da magajin gari Ed Koch. Hujjar lauyan tana cikin kundin tsarin mulkin jihar New York. A 1938, bayan mutane sun ɗanɗana kuɗarsu a lokacin karyewar tattalin arziki, an sanya wani sashe da ya ce taimakon mabukata da kula da su nauyi ne na hukuma. Shekara arba'in sashen yana kwance a takarda. Hayes ya ce wa kotu ai wurin kwana yana cikin wannan nauyi.

Ranar 5 ga Disamba 1979 alƙali Andrew Tyler ya ba da umarnin wucin gadi cewa a bai wa kowane namiji da ya nema makwanci. Aka ci gaba da kai ruwa rana har watan Agusta na 1981, lokacin da ɓangarorin suka sa hannu a yarjejeniya a gaban kotu. Callahan bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 1980 yana kwana a titi. Wasu ƙararraki biyu da suka biyo baya sun faɗaɗa haƙƙin, ya haɗa da mata a 1983, da iyalai masu yara a 1986.

Abin lura a yarjejeniyar 1981 shi ne ba ta tsaya ga kalamai masu daɗi ba. Ta shiga har cikin ɗakin kwana da awo. Ta faɗi faɗin gado. Ta ce a bar tazarar ƙafa uku tsakanin gado da gado. Ta ambaci katifa mai tsabta, zanin gado, bargo, matashi, tawul, sabulu, da akwatin ajiya mai makulli ga kowane mutum. Ta ƙayyade yawan mutanen da za su yi tarayya a banɗaki guda. Sannan ta bai wa ƙungiyar Coalition for the Homeless, wadda Hayes yana cikin waɗanda suka kafa ta, ikon shiga gidajen ta duba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa kuɗi ne. Tun daga ranar, magajin gari ba shi da ikon cewa kasafin bana bai kai ba. In mutum ɗari suka ƙaru a daren nan, sai an nemo gado ɗari a daren nan.

Farkon abin da birni ya yi shi ne neman mafi arha. Ya buɗe manyan ɗakunan atisayen soja, ya jera gadaje. A na Fort Washington akwai lokacin da fiye da mutum 1,000 ke kwana a fili guda, ga sata, ga faɗa, ga tarin fuka. Daga baya aka ƙayyade yawan gadajen da gida guda zai ɗauka, kuma a 1993, zamanin magajin gari David Dinkins, aka ware ma'aikata ta musamman mai kula da marasa muhalli.

Aljihu uku

Kasafin kuɗin birnin New York ya haura dala biliyan 100 a shekara. Magajin gari ke tsara shi, majalisar birni mai wakilai 51 ta amince kafin 1 ga Yuli, ranar da shekarar kuɗi ke farawa. Babbar kafar kuɗin shiga ita ce harajin gidaje da filaye, sai harajin albashi da na saye da sayarwa. Daga nan ma'aikatar marasa muhalli ke samun kasonta, wanda ya kai kimanin dala biliyan 2 a shekara kafin 2022.

Sai dai ba birni kaɗai ke zubawa ba. Aljihu uku ne: na birni, na jiha, da na tarayya, kuma kowanne da irin mutanen da ya yarda ya biya wa. Idan iyali ne masu yara, ana iya cire kaso mai tsoka na kuɗin kwanansu daga tallafin da gwamnatin tarayya ke bai wa iyalai matalauta, wanda ke biyowa ta hannun jiha. Idan gwauro ne ko mace ita kaɗai, tarayya ba ta da wani abin kirki a kansu. Jiha kuwa ta daɗe da ƙayyade abin da za ta bayar, ko mutane sun ninka ba za ta ƙara ba. Duk abin da ya hau, wuyan birni.

Wannan rabo yana da tasiri har a bakin ƙofa. Iyali masu yara da ke neman mafaka dole su je ofishi guda da ke Bronx, wanda ba a rufe shi dare da rana. Uwa za ta zo da yaranta da jakunkuna, a duba kayansu da na'ura, a ba ta lamba, ta zauna jira, wani lokaci daga safe har dare. In layi ya zo kanta za a nemi takardun haihuwar yara, a kuma ce ta lissafa duk inda ta zauna cikin shekara biyu da suka wuce, adireshi bayan adireshi. Sai a kai su masauki na wucin gadi na kimanin kwana goma, masu bincike kuma su shiga buga waya da ziyara: shin gidan yayarta ba zai ɗauke su ba? Shin ɗakin kakar yaran ba shi da sarari? In aka ga akwai inda za su raɓa, sai a ce ba su cancanta ba. Da yawa sukan sake komawa layi washegari, su sake nema. Haƙƙi yana nan, amma an sa masa ƙofa mai ƙunci, domin kowane iyali da ya shiga lissafi ne na dogon lokaci.

Abin da ya faru a 2011 ya nuna yadda aljihun nan uku ke jan juna. A 2007 gwamnatin Michael Bloomberg ta fito da wani shiri na biya wa iyalai wani ɓangare na kuɗin haya na ɗan lokaci don su bar gidajen mafaka. Birni da jiha da tarayya ke haɗa kuɗin. A 2011 jiha ta janye nata kason, na tarayya ya bi shi, birni kuma ya ce ba zai ɗauka shi kaɗai ba, ya rufe shirin. A lokacin, masu kwana a gidajen mafaka ba su kai 40,000 ba. Cikin shekara biyu suka wuce 50,000, bayan wasu 'yan shekaru suka kai 60,000. Kuɗin da aka ce an yi tsiminsu a wajen haya, an biya su ninki a wajen gado.

Kwangila da lissafin dare

Mai karatu zai iya zaton ma'aikatan gwamnati ne ke tafiyar da waɗannan gidaje. Kaɗan ne kawai suke hannun birni kai tsaye. Mafi yawansu, ɗaruruwa, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke riƙe da su bisa kwangila. Ƙungiya ta kama hayar gini, ta ɗauki masu gadi, masu girki ko masu kawo abinci, da jami'an jin daɗin jama'a, birni kuma ya biya ta. Ma'aunin da ake lissafi da shi shi ne kuɗin dare guda. A 2022 kwanan mutum ɗaya yana cin kusan dala 135, na iyali masu yara kuwa kusan dala 190. A wata guda ke nan iyali ɗaya sun tashi a kan fiye da dala 5,500. Takardar tallafin haya da birnin ke bayarwa don gida mai ɗaki biyu a wannan lokaci ba ta kai rabin haka ba. Duk da haka, a lokacin matsakaicin zaman iyali a gidan mafaka ya haura kwana 500.

Me ya sa birni zai zaɓi abu mai tsada ya bar mai arha? Dalili na farko, gado ne kotu ta wajabta, ba gida ba. Magajin garin da ya bar mutum ɗaya a waje zai amsa tambaya a gaban alƙali. Na biyu, kuɗin gado ana raba su da tarayya, tallafin haya kuwa galibi daga aljihun birni yake fita. Na uku, gidajen haya masu sauƙin kuɗi sun yi ƙaranci ƙwarai a New York, kuma masu gida da yawa ba sa son ɗan haya mai takardar gwamnati, ko da yake doka ta hana su ƙi. Na huɗu yana cikin tsarin kwangilar kanta. Mai masaukin da ake biya bisa yawan kwanan baƙo ba zai yi gaggawar yi masa rakiya ba. Wannan ba zargi ba ne ga ma'aikatan da ke aiki tsakani da Allah, waɗanda su ne mafi yawa, kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba. Magana ce ta inda tsari ya karkata.

Inda kuɗi suka taru kuma gaggawa ta yi yawa, ɓera ba ya rasa ƙofa. Shekaru da dama birni yana kama hayar ɗakuna a gidajen 'yan kasuwa da tsada, wasu ginin duk ɓeraye da yoyo, har sai a 2021 aka kawo ƙarshen wannan tsari. A 2022 shugaban wata babbar ƙungiyar mafaka a Bronx ya amsa laifin karɓar cin hanci daga 'yan kwangila, aka ɗaure shi. A 2024 hukumar binciken birni ta fitar da rahoto a kan gomman ƙungiyoyi, ta gano shugabannin da ke ɗaukar albashin da ya wuce dala 500,000 a shekara, da masu ɗaukar 'yan uwansu aiki, da masu bai wa kamfanonin kansu kwangilar gadi. A ɗaya gefen kuma, birnin kansa ya yi ƙaurin suna wajen jinkirin biya. Ƙungiya takan yi watanni tana aiki kafin kwangilarta ta kammala zagayen ofisoshi, sai ta ci bashin banki ta biya albashi. Ƙananan ƙungiyoyi masu gaskiya su ne ke fara durƙushewa a irin wannan yanayi.

Shekarun baƙi

Daga bazarar 2022 tsarin ya gamu da jarrabawar da bai taɓa gani ba. Masu neman mafakar siyasa suka riƙa kwararowa daga iyakar Amurka da Meziko, wasu da ƙafarsu, wasu a motocin bas da gwamnan Texas, Greg Abbott, ke turowa da gangan. Akwai 'yan Benezuwela da 'yan Ekwado, akwai kuma dubban 'yan Afirka ta Yamma, musamman daga Senegal, Gini da Muritaniya, waɗanda wasunsu masallatan Bronx da Harlem ne suka fara ba su wurin shimfiɗa. Yarjejeniyar 1981 ba ta tambayi ƙasar mutum ba. Cikin shekara uku fiye da mutum 200,000 suka bi ta hannun birni, kuma a tsakiyar 2023 yawan masu kwana a ƙarƙashin kulawarsa ya haura 100,000.

Birni ya kama hayar otal-otal fiye da ɗari. Otal ɗin Roosevelt da ke tsakiyar Manhattan, mallakar kamfanin jiragen saman Pakistan, ya zama cibiyar karɓar baƙi a watan Mayu na 2023, bisa yarjejeniyar dala miliyan 220. Aka kafa manyan tantuna a tsibirin Randall da wani tsohon filin jirgi a Brooklyn. Kwangiloli da yawa an ba da su ba tare da gasa ba, da hujjar gaggawa, kuɗin dare guda na kowane iyali kuma ya doshi dala 400. A ƙarshen Yulin 2023 gadaje suka ƙare, aka ga maza jere a kan kwali a gefen titi a ƙofar Roosevelt, kwana da kwanaki.

Jimillar abin da birni ya kashe ya wuce dala biliyan 7. Jiha ta ɗauki wani kaso. Gwamnatin tarayya, wadda ita ke da iko da iyaka da kuma ba da izinin aiki, abin da ta bayar bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma a Fabrairun 2025 ta ma janye dala miliyan 80 daga asusun birni bayan ta riga ta tura. Tun kafin nan, magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya koma kotu yana neman sassauci. A watan Maris na 2024 aka yi sulhu: sabon baƙo baligi zai samu kwana 30, matashin da bai kai 23 ba kwana 60, sai in yana da ƙwaƙƙwaran dalili a ƙara masa. An rufe cibiyar Roosevelt a 2025. Haƙƙin bai mutu ba, amma an ga iyakarsa: birni ba ya buga kuɗi, kuma ba shi ke riƙe da ƙofar ƙasa ba.

Sauran mafaku

Kalmar mafaka a kasafin birni ba ta tsaya ga marasa muhalli ba, kuma kowace iri da hanyar kuɗinta.

Gidajen matan da suka gudo daga cin zarafi suna ƙarƙashin ma'aikatar jin daɗin jama'a. Ana ɓoye adireshinsu, zaman gaggawa kuma kwana 90 ne, ana iya ƙarawa har 180. Matar da wa'adinta ya cika ba ta samu gida ba, sau da yawa layin Bronx ɗin nan take komawa.

Mafakar bala'i ba a gina ta daban. Makarantun gwamnati ne ake juyawa. Da guguwar Sandy ta tunkaro a Oktoban 2012, birni ya umarci mutum 375,000 su bar bakin teku, ya buɗe mafaka 76, ma'aikatan gwamnati suka zama masu raba gado da abinci. A irin wannan, birni ke fara kashewa, daga baya hukumar agajin gaggawa ta tarayya ta mayar masa da aƙalla kashi 75 cikin 100, muddin ya adana rasit. Bayan shekara guda wani alƙalin tarayya ya yanke cewa shirin birnin ya tauye naƙasassu, domin da yawa daga makarantun mai keken guragu ba zai iya shiga ba, ko banɗakinsu ba zai ɗauke shi ba. Haka nan in sanyi ya kai sifili a ma'aunin salshiyos da dare, ana sassauta ƙa'idojin shiga, a tura ma'aikata su bi tituna. In zafi ya tsananta kuwa, ɗakunan karatu da cibiyoyin tsofaffi masu na'urar sanyaya ɗaki su ne wurin fakewa. Dabarar duka ɗaya ce: gini mai aikin yau da kullum, wanda an riga an biya kuɗinsa, shi ake ba wa aiki na biyu.

Har dabbobi suna da nasu. Tun 1995 wata ƙungiya ce ke karɓar karnuka da kyanwoyin da aka yasar, bisa kwangila da ma'aikatar lafiya ta birni, kuma sharaɗinta shi ne ba ta mayar da ko ɗaya. Kuɗin birni ba sa isa, sai ta cike da gudummawar jama'a.

Rumfar jiran bas ita kaɗai ce ke kawo kuɗi maimakon ta ci. Wani Bafaranshe, Jean-Claude Decaux, shi ya fito da dabarar a birnin Lyon a 1964: zai gina rumfuna kyauta, ya riƙa wanke su, a bar masa gefe guda ya sayar da talla. A 2006 New York ta ƙulla irin wannan yarjejeniya ta shekara 20 da kamfanin Cemusa, a kan rumfuna 3,300 da kuɗin da suka haura dala biliyan 1. A cikin yarjejeniyar har da banɗakunan jama'a 20. Rumfunan sun tashi cikin 'yan shekaru, banɗakunan kuwa bayan shekara goma ko rabinsu ba a kafa ba. Wannan tsari yana da nasa aibin: mai talla ya fi son unguwar masu saye, alhali masu jiran bas a rana sun fi yawa a unguwar talakawa. Sai birni ya rubuta wuraren da yake so a cikin kwangila, in ba haka ba kasuwa za ta zaɓa masa.

Hanyar Helsinki

Helsinki, babban birnin Finlan, ya bi wata hanya a abu biyu. Na farko mafakar yaƙi. Ƙasar tana da doguwar iyaka da Rasha, kuma dokarta ta wajabta wa duk mai gina babban gidan zama ko na aiki, wanda faɗinsa ya kai murabba'in mita 1,200, ya yi masa ɗakin fakewa da kuɗinsa. Ta haka Helsinki ya samu mafaka kusan 5,500 masu ɗaukar mutum 900,000, fiye da yawan mazauna birnin, ba tare da baitulmali ya ɗauki mafi yawan nauyin ba. Manyan da birni ya haƙa a cikin dutse kuwa ba a bar su a kulle ba. Na Itäkeskus wurin ninƙaya ne, na Merihaka filin wasanni ne da wurin ajiye motoci. Kuɗin shiga da na haya suna taimakawa wajen kula da su, sharaɗi kawai a iya mayar da su mafaka cikin awa 72.

Na biyu marasa muhalli. Daga 2008 gwamnatin ƙasa da manyan birane suka amince a fara bai wa mutum gida nasa, da takardar haya da sunansa, kafin a shiga maganar shaye-shaye ko taɓin hankali ko aikin yi. Abin mamaki, a New York aka haifi wannan tunani, a hannun Sam Tsemberis a 1992, amma Finlan ce ta mai da shi manufar ƙasa. Aka juya manyan gidajen kwana suka zama ɗakunan haya. Wani gida mai gado 250 a titin Alppikatu ya koma gidaje kusan 80, da ma'aikata a wurin dare da rana. Gidauniyar Y, wadda birane da coci da wasu ƙungiyoyi suka kafa a 1985, ta mallaki dubban gidaje tana bayarwa haya da sauƙi. Ɗan haya yana biya daga abin da yake samu ko daga tallafin haya na ƙasa. Abin da ya sauƙaƙa wa Helsinki shi ne fiye da rabin filin birnin mallakarsa ne, yana kuma da kamfanin gine-ginen kansa. Marasa muhalli a Finlan sun kai kusan 18,000 a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo ƙasa da 4,000. A 2024, bayan gwamnati ta rage tallafin haya, adadin ya sake ɗagawa karo na farko cikin fiye da shekara goma. Can ma dai, inda kuɗi suka juya nan mutane suka juya.

Mu fa?

Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai iya cewa wannan lissafin masu kuɗi ne. Gaskiya ne, dala biliyan ba ta hannunmu. Amma tambayoyin namu ne. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa kafa gidajen gajiyayyu da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a layi guda da maƙabartu. Babi na biyu na kundin ya ambaci samar wa 'yan ƙasa matsuguni, sai dai kundin da kansa ya hana a kai ƙarar gwamnati a kan abin da ke wannan babi. Wato irin ƙofar da Hayes ya bi, a wajenmu an toshe ta. Ga shi kuma manyan biranenmu ba su da hukuma guda: cikin Kano kaɗai ƙananan hukumomi takwas ne, kowacce tana iya cewa mai kwana a ƙarƙashin gada ba nata ba ne.

Abin da ya riƙe mu tun da can shi ne zaure, masallaci, tasha, gidan mai unguwa da zumunci. Har yanzu su ke ɗauke da mafi yawan nauyin, amma ba su isa ranar babban bala'i ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, makarantu aka buɗe, da sansanin Bakassi da aka rufe shekara uku kafin nan. Makaranta mafaka ce mai kyau in an tanadi ruwa, banɗaki da wurin mata tun kafin damina. In ba a tanada ba, cuta ce ke biyo bayan ruwa, karatun yara kuma ya tsaya.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Jihohi da dama a Arewa kuma suna da hukumomin zakka da waƙafi. Ke nan akwai wanda aka ɗora wa aikin, akwai kuma kafofin da za a iya haɗawa. Abin da ya rage shi ne bibiya. Duk wanda ke da kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, ya tambaye shi abu huɗu: nawa aka ware wa gidan gajiyayyu a kasafin bana, wa ke riƙe da gidan, wa ke da ikon shiga ya duba ba tare da sanarwa ba, kuma mutum nawa suka fita daga cikinsa bara zuwa muhalli na dindindin. Hukumar da ba ta iya amsa waɗannan tambayoyi ba, ba ta fara aikin ba tukuna.